DAGA SORO ZUWA KWANO: TARIHIN MAGANCE ZAFI DA LAIMA A ƊAKUNAN DUTSE DA KEWAYENTA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa kwana a Dutse cikin watan Afrilu, a ɗakin bulo mai rufin kwano, a daren da aka ɗauke wutar lantarki, ba ya bukatar dogon bayani a kan muhimmancin abin da wannan takarda za ta tattauna. Irin wannan ɗaki yakan fara ɗaukar zafi tun da hantsi, kafin azahar ya zama ba ya shiguwa. Amma dattawan da suka tashi a cikin soraye sukan ce, a da mutum yakan shiga ɗaki ne da tsakar rana domin ya tsere wa zafi. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai nazarin tarihi ita ce, me ya sauya, yaushe ya sauya, kuma don me?

Akwai dalili na biyu da ya sa aka ɗauko wannan batu. Masana kimiyya a Turai da Amurka da ƙasar Sin sun ƙirƙiro wasu haɗe-haɗe da ake cuɗawa cikin yaɓe ko silin, waɗanda ke narkewa idan ɗaki ya yi zafi, su daskare idan ya huce, wasunsu kuma har laimar iska suke tsotsewa su sake. A wannan takarda za mu kira su kayan narke-daskare. Kafin su cika kasuwanninmu, ya kyautu mu auna su da ma'aunin tarihinmu.

Manufar takardar ita ce ta nuna abubuwa uku. Na farko, maginan ƙasar Hausa sun daɗe suna yi wa zafi da laima irin dabarar da waɗannan kaya ke yi. Na biyu, dalilan da suka sa aka bar ginin ƙasa ba su shafi zafi ba. Na uku, inda ƙarfin soro ya tsaya, nan ne ƙarfin sabon kayan zai tsaya, muddin ba a lura da yanayin wurin ba.

2.0 ƘASAR DUTSE DA YANAYINTA

Dutse tsohon gari ne. Littafin Tarihin Kano ya ambace shi tun zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452), wanda ya auri 'yar Sarkin Dutse, ya kuma sake ambatonsa a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), wanda ya kai masa yaƙi. Bayan jihadi garin ya ci gaba da zama a ƙarƙashin Kano, haka kuma Turawa suka bar shi a matsayin gunduma bayan 1903. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da shi babban birninta. Masarautar Dutse ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai, watau Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, kuma galibin misalanmu sun shafi wannan yanki ne.

Tsohon garin, watau Garu, inda fadar Sarki take, a cikin duwatsu yake. Mutumin da ya girma a irin wannan wuri ya san wani abu tun yana yaro: dutsen da rana ta doka yini guda yakan riƙe ɗuminsa har bayan lisha, alhali kogon da ke ƙarƙashinsa yana da sanyi ko da tsakar rana. Abu mai nauyi yakan jinkirta wajen ɗaukar zafi, ya kuma jinkirta wajen sakinsa. A kan wannan gindi aka kafa hikimar soro gaba ɗayanta.

Yanayin yankin kuwa ya rabu huɗu, kuma kowane kashi da irin wahalar da yake ɗora wa ɗaki. Da bazara, musamman Afrilu, zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin santigireti, dare kuma ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 24 ba. Da damina zafi yakan ragu, amma laimar iska takan haura kashi 70 cikin ɗari a watan Agusta, lokacin da tufafi ke funfuna a cikin adaka, gishiri ya jiƙe a cikin kwano. Kaka takan zo da ɗan zafi na gajeren lokaci. Da hunturu kuwa laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, leɓe ya tsage, yara su yi ta haɓo, dare ya sauka ƙasa da digiri 15 alhali rana tana kusan 30. Ke nan ɗaki ɗaya ake so ya jure zafi da ɗari, ya jure jiƙa da bushewa, duk a cikin wata goma sha biyu.

3.0 GININ GARGAJIYA DA YADDA YAKE AIKI

3.1 Kayan Gini

Ginin ƙasa aikin rani ne, bayan an kawar da amfanin gona. Akan haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa ko ramno, a tattake, a bar ta ta kwana biyu, sa'an nan a mulmula tubali a shanya. Magini yakan jera tubalin tsininsa sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, katangar tana da kauri a gindi tana sirancewa yayin da take hawa. Rufin soro kuwa da azara ake yinsa, watau faskararren itacen giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba. Azara guda ba ta ɗaukar nauyi a faɗin da ya wuce kamu huɗu ko makamancin haka, shi ya sa idan ana son babban ɗaki sai a kafa ginshiƙi ko a ɗaura bakan gizo. A bisa azara akan shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa mai kauri, a fitar da indararo.

Abin da ya rage shi ne kare ginin daga ruwa. Ana yin wannan da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina da gashin jima daga majema da yauƙin dafara. A nan ya kamata a lura da cewa soro bai tsaya a kan magini shi kaɗai ba. Yana bukatar marini da majemi da mai saran giginya da matan da ke yin daɓe. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i ta yi rauni, soro ma zai ji a jikinsa, kuma za mu ga haka ɗin ce ta faru.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Masana irin su Hamman Tukur Sa'ad a 1981, da J. C. Moughtin a 1985, da Z. R. Dmochowski a 1990, sun yi rubutu mai zurfi a kan ginin Hausa, sai dai hankalinsu ya fi karkata ga manyan birane kamar Kano da Zariya.

3.2 Soro da Zafi

Katangar ƙasa mai kaurin kamu ɗaya takan jinkirta wucewar zafi na kimanin awa goma zuwa goma sha biyu. Ma'ana, zafin da rana ta zuba wa bayan katangar da azahar ba zai iso cikin ɗaki ba sai tsakar dare. Haka nan sanyin asuba ba zai iso ba sai da rana. Da hunturu wannan jinkiri alheri ne ta fuska biyu, domin ɗakin yana da sanyi da rana, yana da ɗumi da dare. Da bazara kuwa alherin rabi ne. Soro yakan ba da mafaka da rana, amma da dare sai katanga da rufi su shiga amayar da abin da suka haɗiya, ɗakin ya fi waje zafi.

Magabata sun san da wannan aibi, kuma maganin da suka yi masa yana cikin tsarin zaman gida. Da bazara akan fito da tabarmi tsakar gida a kwana, samari su kwana a ƙofar gida ko bisa soro, a bar ƙofofin ɗakuna a buɗe iskar dare ta kwashe zafin da ke jikin gini. Da rana maigida yana zaure, wanda ke da ƙofa biyu iska na ratsawa, mata kuma suna rumfa ko gindin bishiyar tsakar gida. A ƙauyuka da yawa akan haɗa soro da ɗakin kago mai jinkar ciyawa, wanda ba ya riƙe zafi, yana hucewa da zarar rana ta faɗi. Watau gidan Bahaushe wurare ne da dama, mutum yana ƙaura a tsakaninsu gwargwadon sa'a da lokacin shekara.

3.3 Soro da Laima

Ɗanyar ƙasa, watau wadda ba a gasa ba, tana shaƙar laima daga iska idan ta yi yawa, ta mayar idan iska ta bushe. Gernot Minke na Jami'ar Kassel a Jamus ya auna wannan, ya samu cewa idan laimar ɗaki ta tashi daga kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, fatar katangar ƙasa mai kaurin santimita ɗaya da rabi takan tsotse kimanin giram 300 na ruwa a kowace murabba'in mita cikin awa 48. Gasasshen bulo da kankare ba su kusanci wannan ba. Sai dai wannan aiki na daidaita laimar yini ne ko ta 'yan kwanaki, kamar daren da aka yi ruwa ko ɗakin da mutane suka cika. Katanga ba za ta ajiye laimar Agusta ta kai ta Janairu ba.

Dole kuma a faɗi gaskiya game da illar tsohon ɗaki. Tagoginsa ƙanana ne, wani ma ba shi da taga sam, ga hayaƙin wutar jin ɗumi da hunturu. Cunkoso a ɗaki marar iska, a lokacin ƙura da bushewa, yana cikin abubuwan da ke taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, cutar da ta hallaka mutane fiye da 11,000 a Nijeriya a annobar 1996, galibinsu a Arewa.

3.4 Randa da Tukunya Cikin Tukunya

Akwai wani kayan sanyi a gidan Bahaushe wanda aikinsa ya bambanta da na katanga, shi ne randa. Ruwa yakan tsattsafo ta jikinta ya zama tururi, kuma kowane kilo guda na ruwa da ya tashi haka yakan tafi da zafi kimanin kilojul 2,400. Wannan shi ne sanyaya abu ta hanyar sauya kama, daga ruwa zuwa tururi. A Dutse ne aka ɗaukaka wannan tsohuwar dabara har duniya ta san ta. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya rarraba dubban irinta a ƙauyukan Jigawa a ƙarshen shekarun 1990. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin lura shi ne tukunyar ta fi aiki a lokacin da iska ke bushe, da damina kuwa ƙarfinta yakan ragu ƙwarai. Kowace dabara da lokacinta.

4.0 YADDA KWANO DA SIMINTI SUKA KARƁE WURI

Turawan farko da suka zauna a Arewa a gidajen ƙasa suka zauna, kamar yadda Gidan Ɗan Hausa a Kano ke shaidawa har yau. Amma a takardun hukuma ginin ƙasa bai samu daraja ba. A 1945 Ma'aikatar Ayyuka ta buga wani littafi na A. F. Daldy wanda ya bayyana dabarun maginan Arewa dalla-dalla, sai dai sunan da aka ba littafin ya kira su gine-ginen wucin gadi. Wannan rabe-rabe, na gini mai ɗorewa da na wucin gadi, ya zauna daram a zukatan ma'aikata har bayan samun mulkin kai.

Kayan da za su maye gurbin ƙasa kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo su. Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa da ya ratsa Ringim ya kai Nguru a 1930. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ya dawo da kwano, kuɗin gyaɗar kuma su suka saye shi. Matakin farko shi ne a bar katangar ƙasa yadda take a ɗora mata kwano. Mataki na biyu ya jira siminti ya wadata: masana'antar Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Ewekoro a 1960, ta Sakkwato a 1967, ta Ashaka a 1979. A tsakanin nan kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka sa ma'aikaci da ɗan kasuwa suka iya sayen bulo.

A Dutse babban juyin ya zo ne a 1991. Cikin ɗan lokaci aka taso ma'aikata masu yawa daga Kano zuwa garin da bai shirya karɓarsu ba, kuma ba wanda zai jira rani ya buga tubali. Rukunonin gidajen gwamnati da ofisoshi duk da bulo da kwano aka yi su. Aka sake wani zubin na manyan gine-gine a zamanin Gwamna Sule Lamido (2007–2015), kafuwar Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 kuma ta jawo ɗakunan haya barkatai. Abin da hukuma ta gina shi talaka ya ɗauka a matsayin gidan da ya dace da mai rufin asiri.

Me ya sa jama'a suka amince da wannan canji? Ana iya kawo dalilai huɗu. Na ɗaya, soro yana son yaɓe da gyara kusan kowace shekara kafin faɗuwar ruwa, wanda ya yi sakaci kuwa zai kwana tarar yoyo da ƙwarya. Na biyu, giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, ga shi bishiyar tana daɗewa kafin ta isa sara. Na uku, marina sun mutu a garuruwa da yawa, katsi ya yi wuya, aikin gayya ya ja baya, 'ya'yan magina sun kama wasu sana'o'in. Na huɗu shi ne tsoron rushewa, kuma tsoro ne mai dalili, domin a daminar 2022 gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa sun faɗi a Jigawa, aka yi asarar rayuka. A cikin dalilan nan huɗu babu wanda ya ce soro ya gaza wajen zafi. Ruwa da wahalar gyara ne suka kore shi.

Abin da aka samu a madadinsa shi ne katangar bulo mai rami, inci shida ko tara, da kwanon da kaurinsa bai kai rabin milimita ba, wanda kan haura digiri 60 a cikin rana ya watso zafin kan mutanen da ke ƙasa. An rabu da yoyo, an ɗauko dogaro da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Daɗin daɗawa, sabon tsarin gida ya cinye tsakar gida, tsoron ɓarayi da sauro ya hana kwanan waje. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya fi ƙarfin mafi yawan magidanta. Tsoho da jariri da mai jego su ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan hali.

5.0 TARIHIN KAYAN NARKE-DASKARE

Asalin ilimin yana komawa ga Joseph Black na ƙasar Sikotilan, wanda ya gano a farkon shekarun 1760 cewa ƙanƙara tana haɗiye zafi mai yawa yayin narkewa ba tare da ita kanta ta ƙara ɗumi ba. Wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi. Kilo guda na ƙanƙara yana bukatar kilojul 334 kafin ya narke, adadin da zai ɗaga zafin kilo guda na ruwa da digiri 80. Kowace mace da ta ga man shanu ya sandare da hunturu ya narke da bazara ta ga irin wannan sauyi da idonta. Dabarar ita ce a sami abin da ke narkewa daidai zafin da jikin mutum ke so, a sa shi a jikin gini.

Gwajin farko da ya shahara shi ne gidan da aka gina a Dover, jihar Masacusets ta Amurka, a 1948. Maria Telkes, masaniyar kimiyya 'yar asalin Hangari, da mai zanen gini Eleanor Raymond, sun cika gwangwanaye da wani gishiri mai suna gishirin Glauber, wanda ke narkewa a digiri 32, domin ya tara zafin rana ya ɗumama gidan da dare. Wannan gishiri ɗan'uwan gwangwarasa ne, wadda fatake ke kawo wa majema daga ƙasar Manga. Gidan ya yi aiki da farko, amma kafin a daɗe gishirin ya rabu da ruwansa ya kwanta a gindi, ya kuma cinye gwangwanayen suka fara yoyo, dole aka watsar da tsarin bayan 'yan shekaru.

Daga nan hankali ya koma kan kakin farafin, dangin wanda ake kyandir da shi. An yi amfani da shi wajen kare na'urorin motar da 'yan sama jannatin Amurka suka tuƙa a duniyar wata a 1971, tashin farashin mai na 1973 kuma ya sa aka sake waiwayar amfaninsa a gidaje. Matsalar kaki ita ce idan ya narke sai ya tsiyaye. Kamfanin BASF, tare da cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Freiburg a Jamus, suka magance wannan ta hanyar kulle kakin cikin ƙananan kwanso da ido ba ya rarrabewa, aka cuɗa su cikin yaɓe da allon jibsam da sunan Micronal, masu narkewa a digiri 23 ko 26. A 2017 kamfanin ya sayar da wannan sashe ga Microtek na Amurka.

Fifikon kaki a kan ƙasa a lissafi yake. Kilo guda na ƙasa da zafinsa ya tashi da digiri goma bai haɗiyi fiye da kilojul goma ba, alhali kilo guda na tsantsar kaki yana haɗiye kusan 200 yayin narkewa. Saboda haka siririn allo zai iya yin aikin katanga mai kauri. Amma kaki ba ruwansa da laima. Wannan ya sa masu bincike, ciki har da na Jami'ar Nanjing a ƙasar Sin wajen 2015, suka shiga haɗa kwanson kakin da ƙasa mai ƙananan ƙofofi, irin farar ƙasar nan mai suna diyatomait, domin kaki ya kama zafi, ƙasa ta kama laima. Akwai irin wannan ƙasa a Bularafa ta Jihar Yobe. Idan aka duba da kyau, abin da ake nema a ɗakunan gwaji shi ne a mayar wa siririn gini halaye biyun nan da katangar soro take da su tun asali.

6.0 ABIN DA TARIHIN DUTSE KE KOYARWA

Darasi na farko ya shafi dare. Kakin da ya narke da rana ba zai yi amfani gobe ba sai ya daskare cikin dare, kuma ba zai daskare ba sai iskar da ke taɓa shi ta fi ma'aunin narkewarsa sanyi. Allon da aka yi domin Jamus, mai narkewa a digiri 23, idan aka kafa shi a Dutse zai narke a farkon bazara ya zauna a narke har ruwa ya sauka, watau ya daina aiki daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Wanda ke narkewa a wajen digiri 30 ya fi kusa da bukatarmu, shi ma sai an buɗe wa iskar dare hanya. Wannan ita ce matsalar soro da bazara ta dawo cikin sabuwar riga, maganinta kuma shi ne na da: tagogi masu fuskantar juna, da raga, da tsakar gida.

Darasi na biyu ya shafi wurin sa kayan. Dutse tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana kuma takan tsaya daidai tsakar ka a goman ƙarshe na Afrilu da na Agusta. Mafi yawan zafi ta sama yake shigowa. Magini ya gane haka, shi ya sa ya tula ƙasa a kan azara. Wanda ya kashe kuɗinsa a jikin katanga ya bar kwano tsirara ba silin ya yi aikin banza.

Darasi na uku ya shafi laima. Ƙasa ba ta shaƙa sai fuskarta na buɗe. Fentin mai da filastar siminti suna toshe ta. Kowa ya ga katangar ƙasa da aka shafe da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, filastar ta ɓanɓare ta faɗo da naman katangar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗin da aka yi domin ya tsotsi laima, idan aka rufe shi da fenti mai sheƙi, an kashe rabin amfaninsa.

Darasi na huɗu shi ne ɗorewa. Gidan Dover da soron Garu ciwo ɗaya ya kama su, watau wahalar kulawa. Kafin a yaba wa kowane sabon kaya sai a tambaya: shekara nawa zai yi yana narkewa yana daskarewa bai lalace ba? Yaya yake da wuta, tun da kaki abin ci ne gare ta? Idan da man kaɗanya ko wani mai na gida aka yi shi, yaya za a yi da ɓera da gara da ɗoyi? Wane magini ne a Kiyawa ko Jahun zai iya gyara shi, kuma da kuɗin wace ƙasa za a sayo shi?

Darasi na biyar shi ne a fara da abin da ke hannu. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera injunan matsa bulon ƙasa da ake sa wa ɗan siminti kaɗan domin ya jure ruwa. A Jamhuriyar Nijar an koya wa magina rufa ɗaki da tubali zalla ba azara tun daga shekarun 1980, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci lambar Aga Khan a 1986, Mariam Issoufou Kamara kuma ta gina gidajen zamani da matsattsen bulon ƙasa a Yamai a 2016. Waɗannan sun nuna ana iya magance ruwa da ƙarancin azara ba tare da an rabu da ƙasa ba. Harsashin dutse, wanda Dutse ba ta rasa ba, da rufi mai faɗin baki, da silin, da inuwar bishiya, su ne gaba. Kayan narke-daskare ƙari ne a kansu, kuma sun fi dacewa da inda nauyi ba zai yiwu ba, kamar silin ɗin azuzuwa da ɗakunan shan magani da aka riga aka rufa da kwano.

7.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta bi sawun ɗakin kwana a ƙasar Dutse daga tubali da azara zuwa bulo da kwano, ta nuna cewa an yi wannan ƙaura ne domin gudun ruwa da gyara, aka biya da zafi. Ta kuma nuna cewa sababbin haɗe-haɗen da ake yi a ƙasashen waje suna ƙoƙarin dawo da abin da aka bari ne, kuma sharaɗin da ya ɗaure soro, watau samun sanyin dare, ya ɗaure su.

Saura aiki biyu, kuma duka suna wuyan mahalarta wannan taro. Na farko na masana kimiyya ne a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa: a sami soro ɗaya, da ɗakin ƙasa mai kwano, da ɗakin bulo, a unguwa ɗaya, a auna zafinsu da laimarsu dare da rana har shekara ta zagayo, domin duk wanda zai zaɓa mana kaya ya zaɓa bisa alƙaluman garinmu. Na biyu na masana tarihi da harshe ne: a zauna da tsofaffin magina na Garu da Birnin Kudu da Gwaram, a rubuta yadda suke zaɓen ƙasa, da yadda suke haɗa laso, da sunan kowane abu a bakinsu. Yawancin masu wannan sani sun manyanta, aikin kuwa ba ya son jinkiri.